Masu ciwon suga, kun taɓa rufe ido ɗaya ku duba?

Tela, Mabera:
Salamu alaikum. Tambayata ga masu suga irina ce, mu da namu ba ya zama wuri ɗaya. Na daɗe ina ɗora wa tsufa laifi idan zare ya ƙi shiga allura. Ran nan ƙura ta faɗa min a idon dama, na dafe shi, sai ga bakin ƙofar shago a lanƙwashe, tsakiyar kalanda kuma duhu. Ashe na hagu ya jima da raunana, na dama ke rufa masa asiri. Akwai wanda ya ga haka?

Malamar makaranta, Arkilla:
Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni duk Juma'a nake gwadawa. In sa gilashina, in rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, in kalli ƙarfen taga, in karanta layi ɗaya na rubutu, sannan in sauya. Likita ya ce min suga idan ya daɗe a sama yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido har su riƙa yoyo, kuma babu zafi ko kaɗan. Kada ka jira Juma'a kai kam, ka tafi gobe.

Dattijo, Kanwuri:
Ni baƙaƙen ɗige-ɗige na fara gani suna yawo kamar ƙudaje. Munka yi ta sa kwalli da maganin ɗigawa na kasuwa, har wata safiya na tashi ido guda ya rufe. Jini ne ya zuba ciki. Ɗiyata ta kai ni asibiti anka yi min aikin leza, wato gyaran ido da haske mai ƙarfi. Abin da ya tahi bai dawo ba, amma da sauran nake zuwa masallaci ba ɗan jagora.

Ɗan kabu-kabu, Runjin Sambo:
Baba, Allah ya ba da lafiya. Nawa ganin yau garau, gobe dishi-dishi. Gilashin da na saya a kasuwa sati bai rufa ba ya daina yi min. An ce in bari suga ya daidaita kafin a auna ni, don hawa da saukarsa ke sauya ganin.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Gwajin gida yana da kyau, amma kada ya ruɗe ku. Cutar kan yi nisa alhali mutum yana gani tangaram. Mai suga nau'i na 2, wato wanda ya fi kama manya, a duba masa bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku nemi gwajin jini na HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata 3; ga yawancin manya ƙasa da kashi 7 cikin 100 ake so. Hawan jini ma yana ƙara ɓarna. Wanda ya ga walƙiya a ido, ko ɗige-ɗige sun ƙaru farat ɗaya, ko duhu ya rufe gefe, ranar zai je.

Tela, Mabera:
Anti, ba a karyawa ake zuwa?

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
A'a Malam, ka karya, ka sha maganinka. Za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, gani zai dushe na wasu sa'o'i, don haka ka bar babur a gida, ka zo da ɗan rakiya da baƙin gilashi saboda ranar Sakkwato.