Daimon mai ruwan ɗorawa: aibi ne ko ƙarin daraja?

'Yar Ringim:
Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar gwal da duwatsu ku taimaka. Muna haɗa lefen ƙanena, sai dillaliya ta kawo zoben gwal mai dutse ruwan ɗorawa, ta ce daimon ne, wai ma ya fi fari tsada. Wani kuma ya ce mana rawaya a jikin daimon aibi ce. Wanne za mu ɗauka? Zoben dai ba shi da wata takardar shaidar dutsen.

Maƙerin Zinare, Wudil:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar ta danganta da ƙarfin launin. Daimon zallar sinadarin kabon ne. Idan sinadarin naitirojin ya shige shi lokacin da yake haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, sai ya riƙa shanye shuɗin haske, ido ya ga rawaya. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka fi yarda da takardarta, tana auna farin daimon da haruffa daga D zuwa Z. D fari ne tas. Daga wajen K rawaya ke fara leƙowa, kuma duk gangarowa kuɗi sauka yake yi, kamar farar shadda da ta daɗe a akwati ta dafe. Aibin da aka faɗa miki ke nan.

Amma idan launin ya zarce Z, dutsen ya shiga ajin da ake kira fansi, kuɗi ya sake hawa. Shi ma hawa-hawa ne. Na ƙasa, mai sauƙin launi, sau da yawa bai kai farin D kuɗi ba. Wanda ake ce wa intens da wanda ake ce wa bibid, masu rawaya jawur mai ɗaukar ido, su ne masu tsadar gaske. A 2014 an yi gwanjon wani mai karat 100.09 a birnin Janiba na ƙasar Siwizalan kan dala miliyan 16.3. Ratsin ruwan ƙasa a cikin rawayar yana karya farashi sosai.

Kada a rikita karat ɗin daimon da na gwal. Na gwal tsabta yake nunawa, 18 ko 21 ko 22. Na daimon nauyi ne: karat ɗaya giram 0.2, biyar ke cika giram.

Mai Duwatsu, Birnin Kudu:
Hajiya, kafin a kai ga launi, a fara tabbatar da cewa daimon ne ma. Duwatsu masu rawaya suna da yawa: sitirin, tofaz, saffaya, da kuma zirkoniya da ake yi a masana'anta, wadda ita ce ta cika zobunan kasuwa. Najeriya na da tofaz da saffaya, a yankin Jos da Mambila misali, amma ba ta cikin ƙasashen da aka sani da haƙar daimon. Masu rawayar da suka yi suna daga Kimbali ta Afirka ta Kudu da Zimmi ta Saliyo suka fito.

Gwaji biyu da mutane ke yi, ku bar su. Karce gilashi ba hujja ba ce, don taurin gilashi wajen 5.5 ne a ma'aunin da daimon ke da 10, sitirin mai 7 ma yana karce shi. Dukan guduma kuwa asara ce: daimon ba ya karcewa amma yana tsagewa.

A sa maƙeri ya ciro dutsen daga zoben. Gwal yana ara wa dutse launinsa, don haka a ɗora shi kan farar takarda, a inuwa da rana tsaka, a ga ainihinsa. Sai a auna. Daimon zagayayye mai faɗin milimita 6.5 yana yin kusan giram 0.2, zirkoniya mai wannan faɗin takan kai wajen 0.35. Ana bukatar sikelin 'yan gwal mai nuna 0.01. Tofaz kam nauyinsa kusan ɗaya da daimon, sikeli ba zai raba su ba, sai ɗan injin gwajin daimon mai kama da biro. Shi ma tsohon samfurinsa mosanait, wani dutsen masana'anta mai kama da daimon, na yaudararsa. Da madubin ƙara girma mai ninki 10, idan aka leƙa mosanait a karkace, layukan yankansa na ƙasa bibbiyu suke fitowa.

Malamar Kimiyya, Gumel:
Akwai abin da duk gwajin nan ba zai kama ba, Yaya. Yanzu ana yin daimon a masana'anta da zafi da matsi mai tsanani, kuma rawaya ce launin da ya fi sauƙin fitowa, saboda iska na cike da naitirojin. Ana kuma ɗaukar wanda aka haƙo daga ƙasa mai mummunan launi a gyara shi da zafi ko raɗiyeshan. Duka daimon ne na gaske, injin zai amsa, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na asali ba. Ɗakin bincike kaɗai ke rabewa. Takardar GIA tana faɗin ko launin na halitta ne ko na gyara, kuma galibi lambarta na rubuce da leza a bakin dutsen. A duba lambar a shafinsu na intanet, nauyi da awo su dace da dutsen da ke hannu.

'Yar Ringim:
Allah Ya saka da alheri. To idan dillaliyar ta kasa kawo takarda fa?

Maƙerin Zinare, Wudil:
Ki biya kuɗin gwal da ladan ƙira kawai, Hajiya, dutsen a ɗauke shi ado. Ranar sayarwa 'yan gwal cire nauyin dutse suke yi kafin su yi lissafi. Gwal na da farashin giram da kowa ya sani kullum, daimon kuwa ko mai takarda ne sai an nemi mai so, kuma da wuya ya mayar da kuɗinsa. Idan ajiya ake nufi don amarya, a ƙara giram a sarƙa ko warwaro.