Makin wayata a Geekbench yana raguwa duk lokacin da na sake gwaji

Baban_Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda zai fitar da ni daga duhu. Sati biyu ke nan da na canza waya, kuma furosesarta ce ta ja ni gare ta, don ina yawan haɗa bidiyo a waya, tsohuwar kuwa sai ta yi ta jan ƙafa. Daren jiya na sauke Geekbench 6, manhajar gwada ƙarfin furosesa, in ga ko abin da na saya ya kai yadda ake yabonsa. Gwajin farko ya ba ni 1,480 a kor ɗaya (wato ɗaya daga cikin sassan furosesa da ke yin aiki), 4,350 a dukkan kor. Na ce bari in maimaita don in tabbatar, sai na dukkan kor ɗin ya sauko 4,020. A karo na uku bai wuce 3,600 ba. Lokacin bayan wayar ya ɗau zafi sosai, tana jone da caji, tana kuma cikin kes ɗinta na roba.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, ƙanena yana da wayar da ta girmi tawa da shekara biyu, ya nuna mini makinsa a AnTuTu, dubu ɗari shida da wani abu. Ina 4,350, ina dubu ɗari shida? Ko dai jabu aka sayar mini? Na daɗe ina tara kuɗin nan, shi ya sa abin ya hana ni barci.

MaiGyaranWaya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka. Makinka da na ƙanenka ba ma'auni ɗaya ba ne, kamar ka auna kaya da kilo shi ya auna da mita. Geekbench, na kamfanin Primate Labs, a gwajin da ka yi furosesa kawai yake aunawa. Siga ta 6 da ta fito a 2023 an ɗora ma'auninta ne a kan furosesar kwamfuta Intel Core i7-12700, wadda aka ba maki 2,500 a matsayin mizani. AnTuTu kuwa yana auna furosesa, da sashen zane, da ma'ajiya, da saurin amsawar waya, ya tara su duka wuri ɗaya, shi ya sa lambarsa take kai dubban ɗaruruwa. Ko Geekbench 5 da 6 ma ba a haɗa makinsu, don an canza ayyukan da ake ba furosesar.

Raguwar da ka gani kuma zafi ne. Yawancin wayoyi ba su da fanka. Idan furosesa ta yi zafi, tsarin wayar da kansa yake rage mata gudu don kada ta lalata kanta ko batir. Kai kuma ka haɗa mata abu uku lokaci ɗaya: caji, kes, da gwaji a jere ba hutu. Cire caji, cire kes, kashe tanadin batir, rufe sauran manhajoji, ka bar ta ta huce minti goma sha biyar tsakanin kowane gwaji. Batun jabu, sauke CPU-Z ka ga sunan furosesar da ke ciki, sannan ka nemi irin wayarka a shafin Geekbench ka ga inda sauran masu ita suka tsaya.

Ummu_Khalil ta amsa:

Duk abin da Mai Gyara ya faɗa haka ne, sai dai ni ba zan ce ka yi watsi da makin na uku ba. A ganina ya ma fi na farko faɗa maka gaskiya. Wa yake haɗa bidiyo da waya mai sanyi na minti biyar kawai? Aikinka mai tsawo ne, saboda haka gudun da wayar za ta iya riƙewa bayan ta yi zafi shi ne gudun da za ka zauna da shi. Gwada Wild Life Stress Test a cikin manhajar gwaji ta 3DMark. Yana maimaita gwaji ɗaya sau 20, kusan minti 20, ya nuna maka zagaye mafi kyau da mafi muni da kason daidaito tsakaninsu. Sashen zane ya fi matsawa, amma zai nuna maka yadda wayar take jure zafi.

Kuma kada ka ɗauki waɗannan lambobi kamar ba a taɓa yi musu coge ba. A 2018 kamfanin UL mai 3DMark ya cire Huawei P20 daga jerinsa, bayan an gano wayar tana gane manhajar gwaji ta saki ƙarfinta duka, abin da ba ta yi wa sauran manhajoji. A 2022 Geekbench ma ya cire Galaxy S22 da wasu da suka gabace ta saboda tsarin GOS na Samsung, wanda a lokacin yake rage wa wasanni gudu amma ya ƙyale manhajojin gwaji. Abin nan yana ci mini rai, don mutum kuɗinsa yake fitarwa bisa lambar da aka nuna masa.

Kwamfuta_Zalla ya amsa:

Ko a laftof haka abin yake. Cinebench R23, na gwada furosesar kwamfuta, a saitinsa na asali yana tilasta gwajin ya kai minti 10 saboda wannan dalili, don a ga abin da zai rage bayan fanka ta gaji. Tawa idan na cire ta daga wuta makinta faɗuwa yake nan take.

Ƙari ɗaya, Baban Hanifa. Yawancin manhajojin haɗa bidiyo a waya, wajen fitar da bidiyon wani sashe na musamman a cikin cif ɗin suke amfani da shi, ba kor ɗin da Geekbench yake aunawa kaɗai ba. In tsohuwar wayar tana hannunka, ɗauki bidiyo ɗaya, manhaja ɗaya, saiti ɗaya, ka fitar a kowacce kana duba agogo.

Baban_Hanifa ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. CPU-Z ya nuna furosesar da aka rubuta a kwali ce, alhamdu lillahi. Na cire caji da kes, na bar ta tana hucewa, gwaji uku duk sun tsaya tsakanin 4,300 da 4,400. Na kuma bi shawarar Malam Kwamfuta: bidiyon Hanifa na minti shida, tsohuwar ta fitar da shi a minti huɗu da daƙiƙa goma, sabuwar a minti ɗaya da rabi. Hajiya Ummu Khalil, 3DMark yana sauka yanzu, gobe in sha Allahu zan kawo muku kason da ya ba ni.