Wa zai ɗauki rigar ɗorawa a Tour de France?

Abin da masu bin tseren keke suka fi nanatawa shi ne a fara duba taswirar hanya kafin a ambaci sunan kowa. Gasar ta Faransa zango 21 ce cikin mako uku, kuma a tsaunukan Alps da Pyrenees ake raba gardama. Mai gudun fili zai iya cin zango, amma da wuya ya ɗauki rigar ɗorawa, wato rigar da wanda ke kan gaba a gasar baki ɗaya yake sakawa.

Suka ce a lura da tseren share fage na watan Yuni da aka fi sani da Dauphiné, da lafiyar ɗan wasa. Jonas Vingegaard, zakaran 2022 da 2023, ya yi mummunar faɗuwa a Afrilun 2024, Tadej Pogačar ya doke shi a Yuli. Abokan tawaga ma abin dubawa ne, su ke tare masa iska.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce kada a raina tseren agogo, inda kowa ke fita shi kaɗai. A 2020 Primož Roglič na gaba da daƙiƙa 57, ana gobe a kammala gasar Pogačar ya ƙwace rigar a irin wannan zango.