Wannan "ent" na ƙarshen aikatau a Faransanci ya hana ni sakat

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Saura wata biyu in zauna DELF B1, jarabawar shaidar iya Faransanci, rubutu ba ni da matsala amma baki ne ya ƙi. Duk zamana "ils parlent" par-lan nake karanta shi, ashe gaɓa ɗaya ce, parl, daidai da "il parle". Akwai malami ɗan Damagaram a unguwarmu ya ce dubu 20 a wata, ko kuwa in shiga ajin yamma? kuɗin abu ɗaya gare ni.

Ɗan Maraɗi: Hajiya in "ils" ne a gaban aikatau ba a faɗin ent, amma a "souvent" dole ki faɗa. Mu a lakwal (makaranta) da "ils ont" da "ils sont" mushe (malaminmu) ya fara mu, na farko il-zon, na biyu il-son, ɗaya suna da, ɗaya su ne.

Abu Sadik: YouTube kawai.

Baban Walid: Ni kar a yi min maganar malamin gida. Wata huɗu ina biyan wani dubu 35, kullum sai haddar aikatau a takarda bai taɓa cewa buɗe baki in ji ba, ranar jarabawar baka na ce pre-nan a "ils prennent" maimakon pren, matar da ke jarraba ni ta ce in maimaita na sake maimaita kuskuren, daga nan kaina ya kulle. Kuma in ka kasa 5 cikin 25 a sashe ɗaya ka faɗi ko sauran sun yi kyau. Na kira malamin ya daina ɗagawa, Allah ya isa.

Hafsy: Dubu 35?? ƙanwata dubu 8 take biya.

Ɗan Maraɗi: Na dubu 8 a tasha ya koyo shi.

Malam Sani: Ni na yi cibiyar koyon Faransanci ta Badagry, kuma ku na Nijar ma ai ba irin na Faris kuke yi ba, a daina cika baki.

Ɗan Maraɗi: Malam tun ina shekara bakwai nake cikinsa fa.

Abu Sadik: "Parlent" harafi bakwai a rubuta, huɗu a faɗa, ukun sadaka ne? 😂

Hafsy: Laifin daga sakandare ne wallahi, shekara uku muna bonjour madame, ranar da malamar ta tafi haihuwa shikenan aka rufe darasin.

Baban Walid: Mu malamin lissafi aka turo mana ya riƙe ajin.

Maman Ilham: To ni dai malamin ko ajin?