Karatun labarin ƙasa a jami'a: abin da sabon ɗalibi zai tarar

Sabon mai bak, Maradi: Assalamu alaikum yayyena. Na samu bak bana, ina son in karanci jogarafi. Waɗanda suka riga mu, don Allah ku faɗa mana me ake koyarwa, me za a tanada, kuma a ina ɗalibai suka fi faɗuwa.

Ɗaliba, shekara ta uku: Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da nasara. Akwai sashen jogarafi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da kuma ta Damagaram. Lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin nauyin darussa ke nan), jimilla 180. Darussan kashi biyu ne: na ƙasa kanta, wato yanayi, duwatsu, ruwa da tsirrai, sai na jama'a, wato yawan mutane, karkara da birane. Masu hadda suna cin jarrabawar waɗannan. Inda ake zubewa shi ne aikin taswira da lissafin ƙididdiga, don can hannu ne ke aiki. Ka tanadi takarda mai layukan milimita, takarda shara-shara ta kwafe taswira, rula, ma'aunin kusurwa, fensir mai tsini da kalkuleta.

Malamin lise, Tasawa: Ɗana, ka riƙe sikeli tun makon farko. A taswirar 1/200 000, santimita 1 kilomita 2 ce a ƙasa. A ta 1/50 000, mita 500. Kafin ka zana yankan tudu da kwari, duba ƙasan taswirar ka ga tazarar da ke tsakanin layukan tsayi, wato layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, kada ka ɗauka duk taswira ɗaya ce. Ka shimfiɗa takarda bisa layin da aka ba ka, ka ɗiga duk inda layin tsayi ya ratsa, ka rubuta lambarsa nan take, sannan ka sauke ɗigon. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ka yi tsaye da kwance da sikeli ɗaya, kwarin Gulbin Maradi zai fito kamar zaren da aka miƙe. Sai a ƙara wa tsaye: kwance 1/50 000, tsaye 1/5 000, ninki 10 ke nan, kuma dole a rubuta shi a jikin zanen. Rashin take, sikeli da alamar arewa kaɗai na cinye maki masu yawa. Haka zanen ruwa da zafi: ma'aunin ruwa ninkin na zafi ne, digiri 20 na fuskantar milimita 40. In ka saɓa wannan, watannin rani da na damina za su fito a karkace.

Mai aikin taswira da kwamfuta, Maradi: Ni dai shawarata, kada ka jira shekara ta uku kafin ka taɓa QGIS, manhajar zana taswira. Kyauta ce, ko kwamfuta ta hannu mai matsakaicin ƙarfi na ɗaukarta. Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Na farko, yankin UTM, wato tsarin da ya raba duniya yankuna masu lamba don auna wuri: Maradi tana 32 arewa, Yamai tana 31. Wanda ya ɗauki maki, wato lambobin wuri na GPS, a Maradi ya shigar da su a 31, za su faɗa wajen kilomita 650 yamma, har gaba da Yamai. Na biyu, digiri da minti: Maradi tana kusan 13°30', wato 13.5, ba 13.30 ba. Wannan ƴar tazarar kilomita 22 ce a ƙasa, ta isa ta kai rijiyarka wani gari. Na uku, waƙafi: Excel na Faransanci yana rubuta 13,5, manhajar kuma wani lokaci ta karanta shi a matsayin rubutu, maki su ƙi fitowa sam. Gyara shi a fayil kafin ka shigar. GPS na waya kuma, ka tsaya a fili ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita, a ƙarƙashin itace yana kaucewa da mitoci.

Ɗalibin masta, Yamai: Ƙari kan na yayanmu. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat, mita 30 kowane ɗigo, da na Sentinel-2, mita 10, duk kyauta ake saukewa. Na damina gajimare ke rufe su, na tsakiyar hunturu ƙura. Mai son ƙirga itatuwan gona ya ɗauki na bayan girbi, lokacin gawo ya yi ganye, gero kuma an kwashe. Alƙaluman ruwan sama ana neman su a ma'aikatar yanayi ta ƙasa ko cibiyar AGRHYMET, na jama'a a INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ƙidayar 2012.

Mai binciken karkara, Madarumfa: Fita fili ita ce zuciyar karatun nan, kuma a nan aka fi yin sakaci, abin yana damuna. Ka riƙe takardar izini daga sashenku, ka fara gaida maigari kafin ka tambayi kowa komai. Kada ka je ranar kasuwa ko lokacin noman farko, ba za ka samu magidanta ba. Tambayoyin da aka rubuta da Faransanci, a fassara su Hausa tun a gida, a gwada kan mutum biyar ko goma, in ba haka ba kowane mai tambaya zai fassara yadda ya ga dama, amsoshin su ƙi haɗuwa. Manomi ba ya ba ka amsa da kilo ko hekta, da dami da tiya yake lissafi. Tiyar gero wajen kilo biyu da rabi ce, dami kuwa ya bambanta daga gari zuwa gari, sai ka sa a sussuke ƴan dammuna a auna. Gona a zagaye ta da GPS. Gidajen da mata ke kulle, ɗaliba ce za ta shiga, saboda haka a haɗa tawaga maza da mata.

Ɗaliba, shekara ta uku: Na manta batun jigon bincike, ƙanena. Kada ka nemi na nesa. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da Maradi daga kwari zuwa tudu, kuma har yau garin na faɗaɗa yana cin gonaki. Ga sassaben zamani, wato rainon itatuwan da ke tohowa a gona, da ya yaɗu a jihar nan tun shekarun 1980, ga tafkin Madarumfa, ga dajin Baban Rafi. Ka zaɓi gari ɗaya ko unguwa biyu da za ka iya zuwa da babur ka koma ka sake aunawa in lamba ta ƙi.