Tari ya shiga ɗakin tsofaffinmu a Birni, ku ba ni shawara

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Gidanmu na gado yana unguwar Birni a Damagaram. Tun mahaifinmu yana raye, Allah ya jiƙansa, duk tsohon da ya rasa mai riƙonsa nan ake kawo shi, har unguwa ta laƙaba wa gidan suna gidan tsofaffi. Da ciwon ajali ya kama shi ya tara mu ya ce kada a kori kowa. Yayanmu da ke Agadas ya so a sayar a raba gado, sai da kawunnanmu suka shiga tsakani, har yau matarsa ba ta amsa gaisuwata, alhali ni na yi jinyar uwarta wata biyu. A bar wannan. Ni na dawo gidan bayan na fita takaba, yanzu tsofaffi bakwai ne a hannuna, mata huɗu ɗaki guda, maza uku a ɗakin kusa da zaure.

Bayan girbi aka kawo mana wani Baba daga wani ƙauye ta wajen Miriya, da tarinsa ya zo. Yanzu abokan kwanansa biyu sun kama, wata Inna ma ta fara. Ga hunturu ya kankama. Na toshe tagogi da buhu, da dare ina sa musu kaskon gawayi. Yaya zan yi kada ya game gidan? Maganar korarsa kada ma a kawo ta.

Ɗan Zango: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Murar hunturu ce, kowa a gari yi yake. Citta, kanumfari, lemun tsami da zuma, safe da yamma. Ki ƙara da amoksisilin daga farmasi, kowa ya sha, kwana uku an wuce wurin.

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya: Ɗiyata, kada ki sayi amoksisilin ɗin nan. Idan mura ce ba ya taɓa ƙwayarta, idan kuma tarin fuka ne ɓata lokaci kawai zai yi. Kin ba mu labarin matar yayanki, amma ba ki faɗi abin da ya kamata ba. Kwana nawa Baban yake tari? Yana rama? Yana jiƙe tabarma da gumi cikin dare? An ga jini a majina?

Kafin ki amsa, ki fitar da kaskon nan yau. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya kwanta lafiya a wayi gari babu shi. Na ɗauki irin gawar nan da hannuna.

Maman Nafisa: Baba Majo, kaskon ba ya kwana, ƙarfe goma nake fitar da shi. Ba ka san sanyin ɗakin nan ba ne, ginin ƙasa ne tun na kakanni, tsofaffin kuma jininsu ya yi ƙasa. Tarin kuwa waɗanda suka kawo shi sun ce tun damina. Ramewa dama ramamme ya zo.

Majo mai ritaya: Tun damina! Tarin da ya wuce sati biyu gwaji yake nema, ke kina maganar watanni. Gobe da safe ki kai shi likita ya ba da majina a duba. Idan tarin fuka ne, maganin kyauta ne a Nijar, wata shida ake sha ba fashi, kuma bayan kamar sati biyu da farawa yaɗa shi yana raguwa ƙwarai. Fitsarinsa zai koma ja-ja, ki gaya masa tun wuri kada ya tsorata ya daina. Duk wanda yake kwana ɗakin a duba shi, har ke.

Sauran da suka kama cikin ƴan kwanaki wataƙila mura ce daban, don tarin fuka ba ya bayyana da sauri haka, mura kuwa kwana ɗaya zuwa huɗu ta isa. To amma mura ga tsoho ba wasa ba ce, ita ke sauka ƙirji ta zama nimoniya. Tsoho ma sau da yawa jikinsa ba ya zafi, sai dai ki ga ya ƙi abinci, ya fara sambatu. Ki ƙirga numfashinsa yana kwance, in ya kai talatin a minti guda ba a jiran gari ya waye.

Buhunnan tagogi ki cire su da hantsi, iska ta ratsa, a fito da kowa rana a tsakar gida, a shanya barguna. Kuɗin gawayi ki sa su a bargo. Mai tari ya kwana shi kaɗai.

Gwaggon Yara: Ni maganar ware mutum ce ba na so. A 2020 lokacin korona, har masallatai aka rufe, haka aka ware mahaifiyata a ɗaki, ana tura mata tuwo daga bakin ƙofa kamar kuturwa. Matan ƙannena ko leƙe. Ta warke daga tarin amma ba ta sake sakin jiki da kowa ba har ta koma ga Allah. Kuma waɗanda suka ƙi leƙen su ne suka fara zuwa rabon kayan ɗakinta. Ƴar'uwa, kada ki karya zuciyar bawan Allah, baƙo ne.

Malamin lakwal: Gwaggo Allah ya jiƙan Inna. Amma mu tuna sanƙarau da ya yi ɓarna a jihar nan ƙarshen 2022, da mashaƙo a Matamaye a 2023, duka ta numfashi da cunkoso suke bi. Hajiya, masu kawo sadaka ranar Juma'a fa? Mutum talatin su shiga su yi musabaha da tsofaffi su fita. A ajiye buta da sabulu a zaure, mai mura ya miƙa sadakarsa daga waje. Jikoki ma a rage musu shiga, mu da ke aji mun san abin da yara ke kwasowa.

Maman Nafisa: Malam, masu sadakar nan su ne cefanen gidan. In na tsayar da Alhaji a zaure na ce ya wanke hannu, kana ganin zai dawo? Ɗakin da za a ware shi kuma babu. Guda ne ya rage, hatsin yayanmu ne a ciki, makulli yana wurin matarsa.

Majo mai ritaya: Hatsi ya samu ɗaki, mutum bai samu ba. Gwaggo, ban ce a tura masa tuwo da sanda ba. A zauna da shi a tsakar gida a yi hira, a fili haɗarin kaɗan ne, kwanon abinci ma ba ya ɗaukar tarin fuka. Kwana a rufe da shi ne matsalar. In ɗaki ya gagara a gyara masa zaure, ya sa takunkumi in za a matso kusa, ya riƙa tofa majina a gwangwani mai murfi. Shekara talatin na yi ina wannan aiki, ba karatun waya ba ne.

Ɗan Zango: Majo, ni ne mai karatun wayar? Kakata ta haura tamanin da citta da zuma, ba ta taɓa ganin allura ba. Ku dai komai sai likita, a je a wuni a layi a fito da takarda.

Maman Nafisa: Don Allah kada ku yi faɗa a kaina. Zaure ba zai yiwu ba, nan almajirai ke kwana. Na yi wa Baban maganar likita, ya ce shi in dai ya dame mu ne a mayar da shi ƙauye, har da hawaye. Na fasa. Cittar na dafa musu, taga ɗaya na buɗe da rana, wadda ba ta kallon gabas. Zan kira Yaya in ji ko zai sa baki a kan makullin, in ya ɗauka.

Majo mai ritaya: Gwajin fa?

Gwaggon Yara: Matar yayan naki ƴar wace unguwa ce? Kamar na san ta.