Yawon ɗanɗana wiski a mashayun Dublin: abin da na tsinta a hirarmu

To ga abin da na tattara daga bakin waɗanda suka taɓa zuwa wannan yawo a Dublin, babban birnin Ayilan. Kusan kowa ya ce kar ka je da yunwa, ka cika cikinka tukuna, don za a bi da ku mashaya uku ko huɗu a ƙafa, ko'ina a zuba maka ɗan kaɗan a kofi, kuma ruwan saman Dublin ba ya sallama, sai ka riƙe rigar ruwa da takalmi mai daɗin tafiya.

An ɗan yi musu kan Temple Bar, unguwar mashayu a tsakiyar Dublin, wasu sun ce tsada kawai da cunkoson 'yan yawon buɗe ido, gara ƙaramin rukuni da ɗan rakiya wanda ya san kan abin, wanda zai maka bayanin cewa dole wiskin Ayilan ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangar katako, yawanci sau uku ake tace shi, sannan a irin su wiskin Redbreast ana haɗa sha'ir mai tsiro da marar tsiro ne a tukunya ɗaya. Kamfanin wiski na Jameson da ke titin Bow Street tun 1780 yake amma yanzu a garin Midleton ake dafawa, wanda ke son ganin tukwane na aiki sai ya leƙa masana'antar wiski ta Teeling da aka buɗe a 2015.

Wani ya ce shi ba ya sha, abokan aiki ya raka, lemo ya riƙe yana jin tarihi, sai dai ka tambaya tun wajen kama gurbi ko akwai ragi ga wanda ba ya sha. Ka tafi da fasfo, ƙasa da shekara 18 ba a ba shi, mota kuwa a bar ta gida a hau Luas, jirgin ƙasan cikin gari.